'Yar Fari a Tsakiyar Fili

Ni 'yar fari ce, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini. Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san na haɗa laifi biyu tun ban yi wayo ba. Umma ba ta kiran sunan 'yar fari saboda kunya, ba ta kiran sunan surukarta saboda ladabi. Don haka tun ina rarrafe a gidanmu na Kubwa har na kai ana biyana albashi don in buga ƙwallo, a bakin Umma sunana "waccan". Ina zaune a gefenta, gwiwata tana gugar tata, sai ta juya ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa waccan ta miƙo ludayi."

Sauran 'yan gida lakabi suke kirana da shi, kuma lakabin ne Baba ya rubuta mini a makaranta. A fili kuwa lamba takwas da ke bayan rigata ce ta zama sunana. Sunan yankan, in ban da ranar da liman ya faɗe shi, ban san wanda ya taɓa ɗaga murya da shi ba.

Ƙwallo a filin firamaren unguwarmu na fara ta, ranar da maza suka rasa cikon mutum ɗaya. Da magana ta kai gida, Baba ya kafa sharaɗi: dogon wando a ƙarƙashin gajere, kuma kai a rufe. Daga nan ya gyara zama ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan barewar, in lif ya lalace a ma'aikatarsu, a kowane bene sai ta tsaya ta gaisa da masinja don ta samu ta yi numfashi.

Umma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Washegari na tarar da wata 'yar hular kai a kan katifata, an ɗinke ta tsam yadda ko na sa wa ƙwallo kai ba za ta zame ba. Na je na durƙusa na yi godiya. Ta dubi bango ta ce ragowar ƙyalle ne ta rasa yadda za ta yi da shi.

Da na samu ƙungiya, koci ya ajiye ni a tsakiya, a nan kuma na ƙare. Aikin 'yar tsakiya kamar na mai rabon abinci a gidan biki ne: kowa daga hannunki yake ci, amma in an tashi yabo sai a yabi amarya. Ki ƙwace ƙwallo, ki ɗaga kai, ki tura wa wadda za ta zura, sannan ki ruga ki rungume ta ana ɗaukarta hoto. Ban taɓa jin haushin haka ba, don na saba tun daga gida.

Na yi shekaru a haka. Mun sha zama a bas har ƙafa ta kumbura, mun buga a filayen da sai an kori awaki kafin a busa usur, mun ci, an ci mu, har aka ɗaura mini kambun kyaftin. Baba ya zama ɗan kallo na dindindin, yana zuwa da kaftani da hula yana koya wa koci aikinsa daga nesa. Umma ba ta taɓa taka fili ba. In ana nuna wasanmu a wayar ƙanwata, sai ta ɗauko tire ta juya baya ta hau tsintar wake. Ƙanwata ta rantse mini cewa akwai ranar da aka kayar da ni, Umma ta watsar da waken mai kyau ta ajiye tsakuwa. Duk tafiyar da za mu yi kuma sai ta aiko da dambun nama cikin roba, da saƙo: a kai wa 'ya'yan mutane, suna wahala.

Na san al'ada ce, na kuma san tana sona. Amma abin yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba, kishin golarmu nake yi. Uwarta kifi take sayarwa a Kado, mace ce mai jiki da murya, ba Bahaushiya ba ce, kuma ba wasan gida da yake wuce ta. Ko ƙwallo ta bi ta saman raga da kanta, sai ta miƙe ta daki ƙirji ta sanar wa jama'a cewa ita ta haifi wannan yarinyar. Ni kuwa ina tsakiyar fili ina haki, abin da nake so bai fi a ce sau ɗaya Umma ta zauna a can ta nuna ni da yatsa ba.

Sai gwiwa ta fara ba ni labari. Likita ya duba ya ce in ina son in yi tafiya da ƙafafuna in na tsufa, wannan kakar wasan ita ce ta ƙarshe. Da wasanmu na ƙarshe a gida ya matso, na sami Umma a kicin na roƙe ta ta zo. Ta ce wa tukunya, "Me za a je a gani? Mata gandama-gandama suna bin abu ɗaya a rana."

Na san ta nan ba za ta ɓulle ba, sai na bi ta Kado. Ranar Juma'a da yamma ga maman gola a tsakar gidanmu da ƙullin busasshen kifi. Bayan an gaisa ta ce, "Hajiya, gobe ka zo ka raka ni fili. Ni kaɗai ne ina ihu, makogwaro na ya gaji." Umma ba ta iya mayar da baƙo da buƙatarsa. Ta ce to, rakiya dai ba laifi ba ce, amma a sani rakiya za ta yi.

Wanda bai taɓa zuwa kallon wasan mata ba, bari in gaya masa: 'yan kallo ba su da yawa, ko tari aka yi za ka san na wane ne. Saboda haka duk abin da Umma ta faɗa a ranar, a kunnena ta faɗa. Ta zauna da babban mayafinta da carbi, jaka a cinya, kamar mai jiran layin asibiti. Ba a jima ba wasan ya shige ta. Ta shiga sa wa kowa albarka. Gola ta kama ƙwallo, Umma ta ce Allah ya yi wa 'yar nan albarka. 'Yar gabanmu ta ɓarar da ƙwallo ita da raga, Umma ta ce ba komai, rabo ne bai zo ba. Har wata daga cikin abokan karawarmu da ta zame ta faɗi ta samu sannu. Ni kuwa in ƙwallo ta zo ƙafata, sai ta sunkuya tana neman wani abu a jaka.

Kafin hutun rabin lokaci na ba da fas ɗin da har yau nake tunawa da shi in na rasa barci. Na ratsa shi tsakanin mutum biyu, 'yar gabanmu ta sa ƙafa kawai ya shige. Fili ya ɗauka. Na ji maman gola tana jijjiga Umma tana cewa, "Hajiya, yaro naka ne ya yi aikin! Namba eit, yaro naka!"

Umma ta ce, "Wace? Ban lura ba. Amma wadda ta zura ɗin nan akwai ƙoƙari, Allah ya raya wa iyayenta ita."

Na koma tsakiya ina dariyar yaƙe. Na ce wa kaina shi ke nan, iyakar abin da zan samu ke nan, ta dai zo.

Bayan an dawo daga hutu, wata 'yar bayansu, doguwa mai ƙashi, wadda tun farko take bina tana taka ni, ta shigo mini da ƙafa biyu a kan gwiwar nan dai. Na ji ƙara a cikin ƙashina, na zube. Fili ya yi tsit. A cikin tsit ɗin nan wata murya ta tsaga shi da sunana na yanka, cikakke, har sau biyu.

Alƙalin wasa ya waiga yana neman mai sunan. Abokan wasana suka dubi juna, don ba wadda ta san wa ake nufi. Ni kaɗai na sani, sai Baba da ƙanwata. Na ɗaga kai daga ciyawa, sai ga Umma a jikin wayar shingen fili, ta ci ɗamara da mayafi, takalmi ɗaya a hannu, tana nuna doguwar nan da shi. "Ke, 'yata ce. In kin isa ki sake. Wallahi sai na shigo." Maman gola, wadda duk Kado ake tsoron bakinta, ita ce take riƙe ta tana ba ta haƙuri. Koci ya tsuguna a kaina yana tambaya, "Kyaftin, ina ne yana ciwo?" Ya ga hawaye ya ɗauka na gwiwa ne, ni kuma ban gyara masa ba.

Aka ba wa doguwar jan kati, aka fitar da ni a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Wasan ƙarshen ke nan. An ce mun ci, ni dai ban gani ba.

A hanyar komawa Kubwa muka shiga cunkoson yamma. Baba yana tuƙi, ƙanwata a gaba, ni da Umma a baya, ƙafata a naɗe da bandeji. Can Baba ya gyara madubi ya ce, "Ikon Allah. Yau na ji an kira sunan mahaifiyata a filin ƙwallo, har na miƙe zan gaishe ta."

Umma tana kallon masu tallan ruwa ta taga. Ta ce, "Abuja ce, wane suna ne babu? Wata mata ce a bayana."

"Matar har da takalmi a hannu?"

"Ka kula da hanya, Alhaji."

Ƙanwata ta cusa ɗankwali a baki. Motoci suka ɗan motsa suka sake tsayawa. Sai Umma ta taɓa kafaɗar ƙanwata ta ce, "Ki ce wa waccan ta ɗora ƙafar a cinyata kar ta kumbura."

Na ɗora. Ta aza tafin hannunta a kan gwiwar, fuskarta tana waje, tana faɗan yadda direbobin bas ba su da tarbiyya. Ba ta ɗauke hannun ba har muka isa ƙofar gida.