Matoyar Kaka da Muntari ya bar mini amana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Muntari. Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, bai kai arba'in ba. Ni yayarsa ce, karatuna bai wuce firamare ba, amma ni ya fi yi wa bayanin aikinsa, wataƙila don ni kaɗai ce ba na yi masa dariya.

Aikin nasa bin wuraren da aka taɓa hura babbar wuta ne tun zamanin da, tsofaffin matoyan tukwane da wuraren narka tama. Ya ce mini duniya kanta maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa, kuma arewar da take nunawa tana gusawa a hankali. A cikin yumɓu akwai ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani. In yumɓu ya yi jajur a wuta ya huce, sai ƙwayoyin su tsaya cik suna fuskantar arewar wannan lokacin. Wanda ya iya aunawa zai san inda allura ke nunawa a zamanin kakanni. Inna, mahaifiyarmu, wadda ta tsufa a ginin tukwane, da ta ji haka sai ta ajiye ludayi ta ce, "To Muntari, alƙibla ma yawo taka yi? Sallolinmu fa, mi za mu ce ma Allah?" Ya yi dariya har da tari, ya ce Ka'aba tana nan inda take, allura ce ba ta zama wuri ɗaya.

Wahalar aikin ita ce ba a taɓa ƙasar sai an zana mata kibiya a inda take kwance, sannan a yanko. Wata shekara a wani ƙauyen Rabah mata suka ji ɗan boko na neman toyayyar ƙasa. Don su kyautata masa, suka haƙe tsohuwar matoyarsu kaf, suka kawo masa a kwanduna har masauki. Ya yi godiya, ya ba su goro, ya raka su bakin hanya. Da ya dawo gida ya kwana biyu ba ya son magana. Ƙasar da aka ɗaga ta juya, ba a ƙara sanin ina ta fuskanta.

A bayan ƙauyenmu, can ƙasan Shinaka, akwai matoyar Kaka, wato kakarmu. Ba a ƙara hura mata wuta ba tun kafin auren Inna, kuma Muntari ya ce wannan ne darajarta, tunda an san lokacin wutarta ta ƙarshe. Ya bar ta sai daga baya, ganin ta gida ce. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya Hauwa, abu biyu. Kada a tona, kada a hura wuta bisanta, sabuwar wuta na shafe tsohuwa. Wani na zuwa."

Na kewaye ta da ƙaya. Na yi ta sa-in-sa da Baffa Isa, ƙanen mahaifinmu, da ke son ƙara kunyoyin wake ta wurin, yana cewa bai taɓa ganin an yi wa toka gadi ba. Wani abokin aikin Muntari, wanda shi ne zai zo ɗin, yakan kira ni, kullum maganar ɗaya ce, hanya ba ta biyuwa.

Bara waccan 'yan bindiga suka shigo mana da hantsi. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Baffa Isa na cikin waɗanda aka binne. Muka gudo Goronyo da abin da ke jikinmu. An cinna wa rumbuna wuta, wanda ke kusa da matoyar ya rufta a kanta, geron ya yi kwanaki yana ci. Na gaya wa abokin Muntari a waya. Ya ce mai yiwuwa can ƙasa bai ɓaci ba, amma sai an zo an gani. Ban tambaye shi yaushe ba.

Ina yawan tunanin abin da Muntari zai ce da yana raye. Ya sha rana daga Wurno zuwa Rabah yana neman tsohuwar wuta ɗaya tak. Yau ƙonannun rumbuna da katangu sun cika ƙasarmu, kowanne ya riƙe arewar ranar da aka kore mu. Ban san ko zai iya ɗora kamfas a kan ɗakin da ya san mai shi ba. Wani lokaci ina gode wa Allah da bai gani ba, sai kuma in yi istigfari.

Da damina ta faɗi wasu suka koma, yunwa ta fi ƙarfin tsoro. Ranar kasuwa Ige, maƙwabciyarmu da aka kashe wa miji, ta same ni a Goronyo. Ta ce ƙasarmu ta fadama ba dutse, tubalin da ta jera ruwa ya narkar da shi, ba abin da ke tsayawa ƙarƙashin tukunya sai toyayyar ƙasar matoya. Ta san amanar da aka bar mini, shi ya sa ta tako da ƙafarta.

"Hauwa, gutsure ukku kawai, in yi murhu. Ɗiya na kwana da yunwa. In kin ce a'a, ba ni taɓawa."

Na duba abin da ya rage na ƙanena. Samfuran da ya yanko suna wani ɗaki a birni, ban san ko an taɓa auna su ba. Inna ta bi Muntari lahira. Wanda ya ce yana zuwa bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Saura ni, da ɗan abin da na fahimta, wanda ba ni da wanda zan gaya wa.

Na ce mata ta fasa. Na ce ta ɗebi na gefen yamma, ya fi tauri. Allah ya jiƙan Muntari, ya sa kada ya tambaye ni.