Shaidar da Na Ɗauko daga Khaddamari

Mu biyu ne kaɗai daga Maiduguri a ajinmu na koyon aikin jinya, a wata jami'a ta Kiristoci mai tafiyar wuni guda daga gida. Ni a Old Maiduguri aka haife ni, mahaifina Bakano, mahaifiyata Kanuri, don haka da harsuna biyu na tashi a baki. Ƙawata kuwa iyayenta sun dawo unguwar Ajilari daga Kano tana sakandare, abin da ta iya na Kanuri bai wuce gaisuwar "wushe" ba. Ɗaki ɗaya muka zauna. Tare muke shimfiɗa sallaya, tare muke buɗa-baki da azumi, in ana taron addu'ar safe mu zauna a kujerun baya mu yi shiru har a tashi. Babu wanda ya taɓa takura mana a makarantar nan. Mahaifiyata takan ce Allah ne ya ba ni 'yar'uwa a baƙon wuri.

A dogon hutun shekara ta uku aka tura kowa asibitin garinsu don koyon aiki a kan marasa lafiya. Sharaɗin shi ne kowace ɗaliba ta zaɓi majinyaci guda, ta bi shi daga kwanciya har sallama, ta ziyarce shi a gida, sannan ta rubuta cikakken rahoto ba tare da sunansa ko lambar katinsa ba. Wannan rahoto shi ne rabin makin darasin.

Na zaɓi wani tsoho manomin albasa daga Khaddamari, wani gari a wajen Maiduguri. Ciwon suga ya cinye masa ƙafar dama, gyambon ya yi warin da masu jinyar gadon kusa suke toshe hanci. Ba ya jin Hausa sai kaɗan, kuma ya tsani asibiti. Mako shida ina wanke masa ciwon nan kowace safiya, ina cire ruɓaɓɓen nama, ina naɗa bandeji, yana zagina a hankali da Kanuri ina ba shi amsa. Da aka yanke masa yatsu biyu, ni na riƙe hannunsa da ya farfaɗo. Bayan sallama sau huɗu ina zuwa Khaddamari a motar kasuwa. Na koya wa matarsa yadda ake yi masa allurar ciwon suga, na yi faɗa da shi a kan shayin da yake zuba wa suga cokali uku. Kaka nake ce masa.

Ƙawata tana ɗakin mata a asibitin, amma rabin hutun a bikin yayarta ya tafi. Saura kwana uku mu koma ta zo gidanmu da hantsi, ta ce tata kwamfutar ta mutu, in ara mata tawa ta ga yadda na tsara babi-babi. Na bar ta a ɗakina na tafi taya mahaifiyata girki. Da ita muka ci abincin. Sai da na koma makaranta na lura littafin da nake rubuta bayanan yau da kullum ba ya cikin jakata, na ɗauka a gida na manta shi.

Ta miƙa nata rahoton mako guda kafin ni. Da na miƙa nawa, malamar darasin ta kira ni ofis. Dattijuwa ce daga kudancin Borno, mai tsanani, ba ta dariya da ɗalibai, amma ba a taɓa jin ta zalunci kowa ba. Ta ajiye rahotanni biyu a gabana. Tsohona ne a duka biyun, da albasarsa, da yatsunsa, da cokali ukunsa na suga.

A gaban kwamitin ladabtarwa ƙawata ta yi kuka. Ta ce ta nuna mini aikinta ne saboda amana. Sannan ta buɗe jaka ta fito da littafin bayanai da rubutun hannunta, ta kwafe nawa shafi-shafi, har da ranakun. Ni kuwa ba ni da komai a hannu sai fushi. Na ɗaga murya, na kira ta ɓarauniya a gaban manya, na buga tebur. Wanda ya ga mu biyun a ranar nan, ni zai ɗauka marar gaskiya. Aka kayar da ni a darasin, kuma da yake sai da shi ake wucewa aji na gaba, aka ce in maimaita shekara.

Mahaifina bai yi mini magana ba har mako biyu. Ba wai ya yarda na yi satar ba ne, kunyar ce ta dame shi, don labari ya riga ni isa unguwa ta bakin mutanen Ajilari. Mahaifiyata ta ce in bar wa Allah. Na ce mata to. A makaranta kuma kusan kowace safiya sai an yi wa'azin yafiya a taron addu'a, ina zaune a baya ni kaɗai yanzu, ina kallon ƙeyarta can gaba cikin sababbin ƙawayenta. Ban bar wa kowa komai ba. Shekarar nan gaba ɗaya lissafi nake yi.

Na san abu biyu. Na farko, a hutu mai zuwa za a sake tura mu asibiti ɗaya. Na biyu, malamar kan zagaya garuruwa ta duba ɗalibanta a bakin aiki, kuma Maiduguri na cikin jerin. Don haka ban sake tayar da maganar ba. In mun haɗu a hanya na gaishe ta, har ta fara sakin jiki, wata rana ma ta ce mini abin da ya wuce ya wuce. Na yi murmushi.

Da hutu ya zo na je Khaddamari. Ƙafar Kaka ta warke, yana dogara sanda yana zuwa gona. Na duba katinsa, na ga ranar da zai dawo gwajin suga ta riga zuwan malamar da kwana biyar. Na roƙi mai rubuta ranaku a asibiti ta matsar masa zuwa ranar da malamar za ta zo. Ban gaya wa tsohon dalili ba. Na san amfani na yi da shi, na san kuma ba abin da aka koya mana ke nan ba. Ranar na je da kaina da sassafe na ɗauko shi.

Malamar ta iso wajen ƙarfe goma, ta tara mu mu shida a barandar ɗakin maza tana duba littattafanmu. Na jira har ta zo kan ƙawata, sannan na ce, "Malama, majinyacin da ke cikin rahoton bara yana zaune a bencin can. Na ga ya kamata mai rahoton ta gaishe shi."

Malamar ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Sai ta rufe littafin ta ce mu je.

Ta ce wa ƙawata ta tambaye shi yadda jikin yake. Ƙawata ta durƙusa ta ce wushe, daga nan ta zarce da Hausa. Tsohon ya dube ta, ya juyo gare ni ya tambaye ni da Kanuri ko wace ce wannan. Ban fassara ba, don kada a ce na ƙara gishiri. Malamar ta sa aka kira babbar nas ɗin ɗakin, Kanuri ce, ta ce a tambaye shi wa ya wanke masa ciwo bara, wa ya je gidansa.

Ya ɗaga sandarsa ya nuna ni. Ya ce wannan mai bakin tsiyar ce, wadda ta raba shi da shayinsa. Ya ce waccan bai taɓa ganinta ba, amma in ita ma nas ce Allah ya yi mata albarka.

Ƙawata tana durƙushe, ni kuma ina tsaye ina kallon yadda gumi ke jiƙa mata hijabi. Shekara guda ina hango wannan lokaci, kuma da ya zo bai gaza abin da na hango ba.

Malamar ta ja ni gefe. Ta ce ta yi kuskure kuma za ta faɗa a gaban kwamiti da bakinta, ta kuwa faɗa. Amma ta ce abin da na yi da tsohon nan bai dace ba, majinyaci ba kayan shari'a ba ne. Na ce na sani. Ta tambaye ni ko zan so in nema wa yarinyar sassauci, don kwamiti zai saurari bakina fiye da na kowa. Na ce a'a.

Kafin mu koma, mahaifiyar ƙawata ta zo gidanmu da turaren wuta da atamfa. Ta zauna a tabarma ta yi kuka, ta ce saura shekara ɗaya 'yarta ta gama, in dubi zumunci. Mahaifiyata ta yi ta ƙifta mini ido. Na ce wa baƙuwar, "Umma, bara da aka kore ni daga ajina, nan da Ajilari ba nisa. Ban ga ƙafar kowa ba." Na tashi na bar musu ɗakin. An mayar mata da kayanta.

A gaban kwamiti wannan karon ban ɗaga murya ba. Na faɗi komai dalla-dalla, ranar da ta zo, abin da muka ci, inda littafin yake a ajiye. Aka dakatar da ita shekara biyu, ba ta koma ba. Ni an goge mini laifin daga takarduna, amma shekarata ba wanda ya dawo mini da ita. Na gama tare da waɗanda na taɓa nuna wa yadda ake awon jini.

Yanzu ina aiki a wani asibiti a cikin gari. Ita tana tsaron kantin magani na mijinta a bakin titin Ajilari. Akwai hanyar da ta fi kusa zuwa gidana, amma in na tashi aikin safe, sau da yawa nakan ce wa mai Keke ya bi ta can. Ba na cire farar rigata sai na isa gida. Wani lokaci tana ciki ba ta gani, wani lokaci kuma tana bakin ƙofa, mu haɗa ido, ta sunkuyar da kai ta shiga gyara kwalaye.