Malamin da ke Zama Daƙiƙi Ranar Alhamis

Shekara bakwai ke nan da muka rufe yayana, Malam Ɗahiru, a garinmu da ke yamma da Anka. Ni karatuna bai wuce aji biyar ba, amma rubutun nan da hannuna na yi shi, kuma shi ya koya mini.

Abin da mutane suka fi tuna shi da shi, har suna dariya, shi ne zaman Alhamis. In an tashi makaranta sai ya tara malamai a zaurenmu, har da masu zuwa da keke daga wajen Bukkuyum. Ɗaya ya tsaya gaban allo ya koyar, saura su zauna kan tabarma su zama ɗalibai, da gemunsu. Shi kuwa kullum daƙiƙin aji yake zama. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni hwa ban gane ba." A sake, ya ce bai gane ba, har sai malamin ya yi gumi ya samo wata hanya.

Ina bayan labule ina leƙe ranar da Inna ta ce masa, "Ɗahiru, mi ak kai ƙato da wasan yara?" Ya ce, "Inna, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Gara ya ji kunya gabana da ya cuci ɗiyan mutane." Lokacin ba a daɗe da bala'in gubar dalma ta dutsen zinari ba, yaran da suka rayu da yawa kansu ya yi nauyi. Yakan ce muryarsu yake ara, don malami ya saba da ita kafin ya ɗauki bulala.

Da zai tashi yau, me zai ce? Rashin tsaro ya kori malamai, wasu sun koma haƙar zinari. Waɗanda suka rage akan kira su bita birni, a rufe aji kwana uku, su dawo da jaka da takardar shaida. Ban ga laifinsu ba. Sai dai abin da suka koyo ko ƙofar aji ba ya tsallakewa.

Ɗiyata Hajara tana aji uku. Na buɗe littafinta na ga ta kwafe allo layi biyar, harufa a birkice, an sa mata jan maki babba. Na nuna mata sunanta a bangon littafin, ta kasa karantawa. Mahaifinta ya ce in zangon nan ya ƙare ba ta iya ba, za ta fara kai tallar abinci inda ake niƙa dutsen zinari. Ƙurar wurin ce ta ci ƙannena biyu. Tun ranar ba na cin tuwo da daɗi.

Na cire kunya na je makarantar. Malamarsu yarinya ce sa'ata. Na zaci za ta yi fushi, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Maman Hajara, wallahi tunda aka ɗauke ni ba wanda ya taɓa zama ya ga yadda nake koyarwa. Yadda aka yi mana nake yi musu." Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Na dawo gida na rasa wanda zan zarga.

Yayana bai bar gona ba, bai bar ɗa ba. Allonsa ne kawai, Inna na shanya kuɓewa a kansa. Na wanke shi, na aika wa malamai shida cewa zaure yana nan. Alhamis ta zo, malamar Hajara kaɗai ta iso, da gutsuren alli a bakin mayafi.

Ta tsaya gaban allo. Na zauna inda yayana yake zama. Ta rubuta, ta yi bayani, ta juyo. Saura mako huɗu zango ya ƙare. Na ɗaga hannu na ce, "Malama, ni hwa ban gane ba."

Allah ya jiƙan Ɗahiru. Ni ba wasa nake yi ba.