Saƙonnin Baba na Fassi

Shagona na iri da taki da maganin feshi yana cikin garin Rano, kusa da inda motocin ƙauye ke lodi. Da farko ciniki ido da ido nake yi: mutum ya zo, mu gaisa, ya ɗauki abin da zai ɗauka. Sai Allah ya buɗa, masu saye suka yi yawa, daga Lausu, daga Nariya, har ƙauyukan da ke bayan Kibiya. Yawancinsu kuma ba za su bar gona su taho gari don gwangwanin iri ɗaya ba, sai dai su kira in sa musu a mota. Ina awo waya na ƙara, ina alwala tana ƙara. Rabin kiran ma filashin ne, ni zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na gwada saƙon tes, wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda. Ya yi amfani ga wasu, amma dattawan da suka fi kowa noma ajami suke karantawa, ba boko ba. Kafin a samu mai karanta musu, kayan da na yi shela sun ƙare. Na buɗe guruf a manhajar hira da kowa ke da ita a waya. Bai daɗe ba ya cika da wa'azi da gardamar siyasa da hoton wani maciji da aka ce an kashe a dam, har mai neman taki ya rasa inda zai sa bakinsa. Na rufe shi. Abin da ya zauna shi ne saƙon murya. Manomi ya danna, ya faɗi abin da yake so da bakinsa, in saurara idan na samu sarari.

A shekarar da nake ba da labari, gab da faɗuwar damina, na sayi sabuwar waya da sabon layi na shago kawai, tsohuwar na ba da ita bayan an goge komai. Na naɗi murya ina sanar da sabuwar lamba, na tura wa duk wanda ke hulɗa da ni. A kwanakin ne kuma wani mutum daga Kano ya riƙa zuwa mini da kwamfuta a jaka, yana tallar wani tsari.

"Alhaji, muryarka kawai za mu ɗauka," in ji shi. "Na'ura ce za ta riƙa kiran manomanka tana gaya musu lokacin taki ya yi, tana amsa tambayoyinsu. Ko kana asibiti, ko kana Makka, muryarka na bakin aiki."

Har na zauna ya naɗi gaisuwata da wasu jimloli don gwaji. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara, amma a raina na kusa yarda.

Cikin masu saye a wurina akwai wani dattijo a Fassi da nake kira Baba. Manomin masara ne, dogo, mai magana a hankali, kuma shi ne tsoho na farko da na ga ya riƙe saƙon murya da kyau. 'Yarsa da ke aure a birni ce ta saya masa wayar. Ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya, ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, sannan ya faɗi buƙatarsa. Kayansa direban motar kasuwa nake ba, ya sauke a wurin mai injin niƙa da ke bakin hanya, daga can a kai gida.

Da ruwan shuka ya sauka, saƙonsa ya shigo sabon layin. Gyaran murya, sallama, sannan ya ce a aiko masa irin masara mai saurin nuna. Na amsa masa da murya, na ce, "Baba, an gama. Kwana biyu ban gan ka a Rano ba, lafiya dai?" Alama ta nuna an saurara. Bai ba da amsa ba. Na ce aiki ne ya sha masa kai, na tura irin.

Bayan noman farko ruwa ya ɗauke. Masara ta fara naɗe ganye, a masallatai ana ta roƙo. A cikin wannan farin ne saƙo na biyu ya zo, yana neman taki. Ina saurare a bakin shago, rana na dukan kwano, sai na ji wani abu a bayan muryarsa. Na kai wayar kunne na sake kunnawa. Ruwan sama ne, mai ƙarfi, yana zuba a kan rufi, har da tsawa can nesa. Baba ma ɗaga murya yake yi don a ji shi.

Da direban ya zo ɗaukar kayan, na ce masa, "Ashe ku can Fassi an samu ruwa?"

Ya dube ni. "Wane ruwa, Alhaji? Ko ɗigo. Jiya na biyo ta can, ƙasa kamar toka."

Na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wataƙila ƙarar injin ce, ya ɗauki buhunsa ya tafi. Ni na san ƙarar injin, na kuma san ƙarar ruwa. Na kira lambar Baba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari na sake kira, aka ce a kashe take.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Tsutsa ta shiga masara, kowa na neman maganin feshi, shago ya cika. Na ga saƙonsa, na kunna a fili ina ɗaure wa wani kaya. Ya yi sallama, ya tambayi yara, sai ya ce, "Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaishe ta, ka ce muna yi mata addu'a."

Igiyar ta suɓuce daga hannuna. Mahaifiyata ta yi jinya duk daminar da ta wuce, ta rasu da kaka. Baba da kansa ya hawo mota ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarma kusa da ni, ya daɗe yana addu'a. Ba mutum ne mai mantuwa ba. Wanda nake ɗaure wa kayan ya san rasuwar, ya ɗago kai ya kalle ni. Na kashe wayar na sa a aljihu.

Na tura maganin, amma na ƙudurta zan je da kaina. Ranar da na shirya tafiya, da hantsi, ina kulle shago, wani saƙo ya sake shigowa daga lambarsa. Gajere ne. Gyaran murya, sannan, "Salamu alaikum. Malam, kana ji na?" Sai shiru mai ɗan tsawo, ana jin numfashi. Sai ya ce, "To, shi ke nan." Babu ruwa a bayansa, babu kukan kaza, babu dakan turmi, babu komai.

Na hau babur na isa Fassi bayan azahar. Dattawa na zaune a inuwar darbejiya kusa da masallaci. Na gaishe su, na ce gidan Baba na zo, ko yana gona.

Suka kalli juna. Ɗaya daga cikinsu, limamin unguwar, ya ce, "Malam, daga ina?"

Na ce daga Rano, ni ne mai shagon da ke aiko masa kaya.

"Ba ka samu labari ba ke nan. Ai ya riga mu gidan gaskiya tun da bazara, kafin ruwan farko. Ni na yi masa salla."

Na yi salati, na ciro waya, na ce to wannan fa, yau da hantsi ya zo. Na kunna. Muryarsa ta fito a tsakiyarsu, a wurin da ya saba zama. Wani tsoho mai furfura a gefe ya miƙe tsaye yana karanto addu'a, aka ce mini ƙanin marigayin ne. Liman ya ɗaga hannu. "Kashe, Malam. Kashe."

Ƙanin ya ce shi ke zuwa wurin mai injin ya ɗauko kayan da amalanke, shi ke kula da gonar. Matar yayansa ce ke gaya masa ranar da za su iso, shi kuma ya ɗauka tun kafin rasuwar aka gama magana da ni. Direba ya sauke ya wuce, mai injin ya zaci na sani. Kowa ya zaci wani ya gaya mini.

Liman da ƙanin suka raka ni gidan. Matar tana cikin takaba, saboda haka muka tsaya a zaure, ita kuma ta zauna daga ciki, bayan asabari. Na yi mata ta'aziyya. Muryarta ƙasa-ƙasa, ta tsohuwa wadda ba ta saba magana da baƙi ba.

"Iya," na ce, "saƙonni suna zuwa mini da muryar Baba."

Ta ce, "Ni ce."

Ta ce tana zaune gefensa duk lokacin da yake naɗar magana, ta ga inda yake dannawa. Bayan ya rasu wayar ta zauna a hannunta, duk maganganun da ya aiko mini bara suna ciki, a jere. Da ruwa ya sauka ta tuna lokacin iri ya yi, kuma ga sanarwata ta sabuwar lamba. Sai ta nemo wanda ya yi bara a kan iri ta tura. Da lokacin taki ya yi ta nemo na taki.

"Iya, me ya hana ki gaya mini? Ko ki sa a gaya mini?"

"Na danna zan yi magana, ya fi a ƙirga. Sai in ji bakina ya ƙi. Ban taɓa yi wa wani namiji magana a waya ba. Kuma shi ya san sunan kowane iri, ni ban sani ba." Ta ja numfashi. "In na tura, sai ka amsa ka ce, Baba an gama. Ina son jin wannan."

Ƙanin ya juya fuska yana share ido da bakin riga. Ni kuma na fara gane abin da ya faru. Ruwan bara ne na ji, jinyar bara ce ya tambaya. Na ce mata babu komai, Allah ya jiƙansa. Na ƙara da cewa na yau ne ma ya fi tayar mini da hankali.

"Wane na yau?" in ji ta.

Na ce wanda ya shigo da hantsi.

"Ban tura komai yau ba. Wayar tun jiya da safe tana wurin mai caji, ta mutu."

Liman ya ce in kunna mata. Na miƙa hannu kusa da asabarin na kunna. Malam, kana ji na? To, shi ke nan. Na ji motsinta ta matso.

"Sake."

Na sake.

"Shi ne," ta ce. "Amma ban san wannan ba. Babu wanda ban saurara ba a cikin wayar nan, kullum sai na bi su. Wannan ba ya ciki."

Ƙanin ya tafi da kansa ya karɓo wayar. Mai cajin ya ce masa bai kunna ta ba, ya jona ya bar ta a cikin sauran. Muka kunna a zauren. Na duba hirarsa da sabon layina, saƙonni uku ne. Na duba ta tsohuwar lambata daga sama har ƙasa. Babu shi. A tawa wayar kuwa ga shi nan, da lokacin da ya shigo.

Daga baya wani mai gyaran waya a Rano ya ce mini hakan na faruwa, saƙo ya maƙale don rashin sabis ya fito daga baya. Na tambaye shi yadda saƙon mutumin da ya rasu kafin in sayi layin zai maƙale a kan wannan layin. Ya ce wataƙila Iya ce ta tura ba da sani ba, ta kuma goge ba da sani ba. Yana iya yiwuwa. Liman a ranar cewa ya yi kada mu tsawaita bincike, mu yi masa addu'a, kuma hakan muka yi kafin in hau babur.

Da mutumin Kano ya dawo, na ce masa na fasa, ya goge abin da ya naɗa a gabana. Ya ce ana wuce ni, wasu shaguna sun karɓa. Na ce Allah ya ba su sa'a. Na tsaya a kan tes don shelar isowar kaya, saƙon murya don oda, kuma ban ƙara sa buhu a mota ba sai na kira na ji mutum ya amsa mini da bakinsa.

Sannan na sayi wani layin na ba ƙanwata, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, na ce na mata ne kawai. Ban zaci zai yi ciniki ba. Ashe akwai mata da yawa a Nariya da Lausu masu gayauna da masu riƙe da gonakin marayu, da ba su taɓa samun wanda za su tambaya kai tsaye ba. Bayan Iya ta fita takaba, ƙanwata ta je har Fassi ta gaishe ta, ta sa mata lambar. Da kaka ta kira ƙanwata tana neman buhunan ajiya marasa shan iska, don masarar ta yi kyau. Ƙanwata ta ce sun fi rabin hirar a kan ciwon gwiwa kafin su zo kan buhu.