Malam Sabi'u da ya ciro mana muryar Baba

Da safen nan ina bakin get ɗin kamfaninmu a Kudenda, telan da ke maƙwabtaka da shagonsa ya kira ni. Wai Malam Sabi'u ya rasu.



Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai ɗan shagon tura karatu da waƙoƙi a waya a Tudun Wadar Kaduna. Kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, sai fankar da ba ta juyawa sai an taɓa ta.

Da Babanmu ya rasu, bidiyo ɗaya tak ya rage mana mai muryarsa: na bikin ƙanwata a cocinmu na Unguwar Romi, inda ya miƙe ya sa wa 'ya'yansa albarka ɗaya bayan ɗaya. Da babbar kyamara aka ɗauka, fayil ɗin ya yi nauyi, ko tawa wayar da ƙyar take buɗe shi. Mama kuwa tana ƙauye a Filato, idanunta sun yi rauni, wayarta ƙarama ce mai madannai. Ran nan muna waya ta ce, "Ladi, na fara manta yadda babanku yake magana."

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta min shagonsa. Ba zan ɓoye ba, a ɗarare na shiga unguwar, don na daɗe ban je ni kaɗai ba.

Ya share min benci, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Wa zai saurara?"

Na ce Mama.

Ya ce, "To ai ba hoto take nema ba. Bari mu ciro mata muryar."

Ya sa iyafis ya duƙufa. Ya raba muryar da hoton, ya rage ƙarar janareta da hayaniyar jama'a, ya mayar da ita AMR, wai shi ne irin wanda ƙananan wayoyi ke karɓa. Abin da ya cika min waya ya dawo ɗan mitsitsi. Ya yanka shi gida biyar, kowane ɗa da albarkarsa, ya jera mu daga babba zuwa auta yadda Mama za ta riƙa dannawa ba sai ta gani ba. Ni ban roƙe shi wannan ba.

Yana cikin aikin ya zare iyafis ɗin, ya ce, "Babanku ya iya addu'a."

Ranar da memorin da ya zuba muryar a ciki ya isa ƙauye, Mama ta kira ni. Muryar Baba kawai nake jiyowa a bayanta, yana kiran sunana. Tun daga nan take ce masa "ɗana na Tudun Wada". Duk wanda zai taho Kaduna sai ta ba shi acca ya kawo masa.

Ranar Asabar da ta wuce na kai masa bidiyon 'yata tana waƙa cikin mawaƙan coci, don a ciro wa Mama muryarta. Na ga ya rame, ya ce zazzaɓi ne, ya ji sauƙi. Ya tashi daga kujerarsa ya ce, "Yau ke za ki yi da kanki." Sau biyu ina ɓatawa yana dariya, a na uku muryar ta fita daidai.

Da zan tafi ya ce, "Madam Ladi, a gaida Mama. Ki ce mata acca ta ƙare."

Ban faɗa mata ba tukuna. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga.

Bayan azahar za a kai shi. Ya bar mata da yara uku.

Allah ya jiƙanka, Malam Sabi'u. Allah ya haskaka makwancinka, ya raya abin da ka bari, ya ba iyalinka haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, a masallaci kake salla ko a coci, ka sa shi cikin addu'arka yau.