Shekarar da Muka Zuba Dutse a Rumbu

Sana'ar maigidana ajiya ce. Da kaka, lokacin da kowa ke rububin kai hatsi kasuwa, shi saye yake yi. Ya zuba gero a rumbu, ya ɗura wake a jarkoki ya toshe bakinsu, sannan ya koma gindin darbejiyar ƙofar gida da rediyonsa ya zauna. Sai bazara ta yi nisa, rumbunan mutane sun yi ƙasa, sannan ya buɗe nasa. Haka ya tashi ya ga mahaifinsa yana yi. Tun da aka kawo ni gidan, a wani ƙauye kan hanyar Sandamu, ban taɓa ganin shekarar da abin ya ƙi ba. Ni kaina na ɗauka haka aka tsara duniya, kaya su yi arha da kaka su yi tsada da bazara.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat, wa'azi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a masu wa'azi suka sa 'yan ajiya a gaba, wai masu ɓoye abinci talaka na kwana da yunwa. Sai ya dawo daga Juma'a ya zauna ya yi jugum, tuwo na hucewa a gabansa.

“Yau ma da ni ake,” in ji shi.

“To Malam, ka daina mana.”

Ba ya dainawa, ba ya kuma samun sukuni. Haka muka yi ta tafiya har furfura ta kama mu duka.

Bayan ajiya akwai babbar gona ta gado, da shanun huɗa biyu, wani fari da wani ja. 'Ya'yanmu duk mata ne, kowacce tana ɗakinta, saboda haka shanun nan su ne ƙarfin gidan. Gonar ta fi ƙarfin hannun mutum ɗaya. A wajenmu ruwan farko na sauka ake shuka gero da sungumi, in ya ɗan tasa sai a shiga da garmar shanu a kifar da ciyawa a tara wa tsiron ƙasa. In aka makara, ciyawa ta riga ka. Kuma al'adar ita ce mai shanu ya fara gama tasa gonar, sannan ya bi waɗanda suka roƙe shi, wanda ya riga faɗa shi ake fara yi wa. Shekara da shekaru a zaurenmu ake zuwa a yi wannan roƙon.

Dutsen kuwa amininsa ne ya kawo shi, wani direban babbar mota da ke kai masa hatsi kudu. Wata rana da kaka ya shigo gaishe ni, ya zaro wani abu daga aljihu ya ajiye kan tabarma. Fari ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, kamar guntun kanwa. Ya ce a dajin Nasarawa ake haƙo shi, sunansa litiyam, 'yan ƙasar Sin ne ke saye. Ya ce niƙa shi ake yi a haɗa batirin motocin da ba sa shan mai, caji kawai ake musu kamar waya. Ni dai na san solar da ke ɗaga mana ruwa a rijiyar burtsatse, don haka ban ƙaryata shi ba. Ya ce a ƙasashen waje an ƙudura sai an yar da motocin fetur gaba ɗaya, kuma duk zuwan da ya yi sai ya tarar dutsen ya ƙara kuɗi.

Malam ya ɗauka ya jujjuya, ya shinshina, har ya ɗan lasa.

“Gara na cinsa?”

“Dutse ne fa, Malam.”

“Ƙwari fa? Ba ya ruɓewa?”

Direban ya yi dariya. Malam bai yi ba. Bayan baƙon ya tafi ya ce da ni, “Kin ga wannan? Ba abinci ba ne. In na ɓoye shi babu ɗan Musulmin da zai kwana da yunwa saboda ni.” Rabon da in ga fuskarsa a sake haka na manta. Shi ya sa ban ce uffan ba, ni da ba a raba ni da magana.

Kuɗin da ya saba zubawa a hatsi bana duk dutse ya tafi. Bai ishe shi ba. Wata Lahadi ya kwance shanun ya kora su kasuwar Mai'adua. A nan kam na yi magana, har maƙwabta sai da suka ji muryata. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce ai rani ne, shanu zaune suke suna cin harawa a banza. Kafin ruwa ya sauka zai buɗe ajiya, ya sayo waɗanda suka fi su. Na ce in ruwa ya riga shi fa? Ya ce, “Yaushe bazara ta taɓa ba ni kunya?” Gaskiya ce, ba ta taɓa ba. Na koma madafa.

Amininsa ya ba shi shawara a bar kayan can kusa da masu saye. Ya ƙi. Ya ce abin da ba ya gaban idonka ba naka ba ne, mahaifinsa bai taɓa ajiya a garin wani ba. Tunda motar a wofi take dawowa, aka loda dutsen aka keto ƙasa da shi har ƙofar gidanmu. Gari ya fito kallo. Aka fara zubawa a ƙaramin rumbu, kafin ya kai rabi gindinsa ya tsage, rumbun ya zauna a ƙasa. Sauran buhunan sai aka jera su a ɗakin da ke jikin zaure. Malam ya sa aka shimfiɗa katako tukuna, don kada su taɓa ƙasa, aka kuma bar tazara tsakaninsu da bango.

“Saura maganin ƙwari,” na ce masa. “Ko in aika a sayo?”

“Ki yi ta yi,” in ji shi. Kullum da safe sai ya buɗe ɗakin ya sha iska.

Ana cikin sanyi wani ɗan kamasho ya zo daga Kano ya taya. Tayin bai kai yadda aka sayo ba. Malam ya yi murmushi ya sa aka kawo masa fura. Da mutumin ya tafi ya ce da ni haka wake ma yake yi, sai ya ɗan sunkuya kafin ya miƙe. Wanda ya firgita a nan shi ne ba ɗan ajiya ba.

Zafi ya shigo. Gero ya tashi, wake ya tashi, irin tashin da bai taɓa yi ba. Waɗanda suka koyi ajiya a hannun Malam suka buɗe rumbunansu, wasu har da sabon babur. Shi kuma ya kira ɗan kamashon nan a waya. Tayin ya sauka ƙasa da na farko. Ya ce a bari watan gobe. Watan gobe ya sake sauka.

A rediyo muka ji dalilin, ina tankaɗe yana zaune. Mai bayanin ya ce da aka ga dutsen ya yi daraja sai ƙasashe da dama suka buɗe ramukansu a lokaci guda, aka haƙo fiye da abin da masu ƙera motocin ke buƙata, kuma su ma sun cika rumbunansu tun bara. Malam ya rage murya ya juyo.

“To yaushe ne bazararsu?”

“Su wa?”

“Masu motocin. Ai dole akwai lokacin da nasu ke ƙarewa.”

Na ce ban sani ba. Ya kira amininsa ya yi masa wannan tambayar. Na ji direban ta cikin wayar yana cewa, “Malam, rami ba ya jiran damina. Dare da rana haƙa ake yi.” Malam ya ce, “To.” Ya ajiye wayar kan tabarma ya ci gaba da kallon turakun shanun. Tun da aka kore su bai bari an tuge su ba.

Daga baya ya sauko, ya ce a zo a kwashe ko nawa ne. Ɗan kamashon ya ce yanzu sai an gwada dutse da na'ura ake karɓa, mai ƙarfi kawai suke so, kuma namu gauraye ne. Ko da ma sun karɓa, kuɗin motar da za ta ɗauke shi daga ƙasar Daura ya fi abin da za a biya. Daga ranar ɗan kamashon ya daina ɗaga waya. Aminin Malam ya yi iya yinsa, ya ɗauki buhu ɗaya ya zagaya da shi, ya dawo da shi ya ajiye a inda ya ɗauka. Bai shigo gaishe ni ba ranar, kunya ta hana shi.

Ban yi kuka ba, ban kuma yi faɗa ba. Mutane sun zaci haƙuri ne. Ba haƙuri ba ne, ji na yi kamar an ɗebe mini wani abu a ciki an bar fanko. In dafa, in share, in yi salla, in kwanta. Ko gorin da na tanada tun ranar Mai'adua, da lokacinsa ya zo sai na rasa ƙarfin furta shi.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Muka shuka babbar gonar duka, shi da sungumi a gaba, ni da wasu mata biyu muna binsa da iri. Geron ya fito gwanin kyau, ba gurbi. Ciyawa ma ta fito tare da shi.

Sai maganar huɗa. Akwai wani magidanci a unguwarmu, ɗan wani abokin Malam da ya rasu, yana da shanu biyu. Tun bazara mutane suka yi ta zuwa wurinsa suna roƙon huɗa. Malam bai je ba, saboda har lokacin yana ganin zai sayi nasa. Da ya je, gari duk ya riga shi. Mutumin ya ji nauyi ƙwarai, ya ce, “Baba, da ka aiko tun farko ai da kai zan fara.” Ya ce zai tsallake wasu. Malam ya hana shi. Ya ce shi bai taɓa tsallake kowa ba lokacin da ake zuwa zaurensa, ba za a fara a kansa ba. Sauran masu shanun ma haka, kowa da jerin mutanensa.

Na sayar da awakina. Rabin kuɗin ya tafi a cefane, don bana babu hatsin ajiya da za a ɗiba, da ɗaya rabin muka sa 'yan ƙwadago suka nome gefen da ke kusa da hanya. Shi ma yana fita da fartanya tun safe, mutumin da rabonsa da sunkuyon noma tun muna da ƙuruciya. Ya dawo ya kwanta rub da ciki in taka masa baya. Ruwa kuma bai ɗaga ba, yau a yi gobe a yi. Abin da ya nome da safe bai kai shimfiɗar tabarma goma ba, harkiya da ƙarangiya kuwa ba sa hutawa. Da yamma sai ya zauna a ƙofar gida yana kallon shanun mutane suna wucewa da karkiya a wuya. Duk wanda ya gaishe shi ya amsa, bai taɓa tambayar saura mutum nawa a zo kansa ba.

Ranar da layin huɗa ya zo kansa na dama fura na bi su gona da hantsi. Na tarar shanun a tsaye a bakin gona, an ɗaura musu garma amma ba a fara ba. Mai shanun ya shiga ciki, ciyawa ta kai masa gwiwa. Yana sunkuyawa yana buɗa ta da hannu yana neman layin shuka. Geron yana nan a ƙasa, siriri, ya yi ɗorawa. Ya tuge guda ya duba, ya yar. Ya ƙara gaba ya sake tugewa. Sannan ya fito ya durƙusa gaban Malam.

“Baba, ko na shiga ba abin da za a tayar. Garmar ma ba za ta kama ba.”

Malam ya gyaɗa kai.

“Sai dai in a kifar a gwada wake, ko Allah zai sa.”

“Babu irin,” in ji Malam.

“Zan nemo.”

“Lokacinsa ma ya wuce. Kai ma ka sani.”

 Na ajiye ƙwaryar furar a inuwar gawo, ba wanda ya kalle ta. Shanun suna ta miƙa wuya wajen ciyawar, igiya na mayar da su. Malam ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya taka a hankali, hannu ɗaya riƙe da ƙugu, ya je ya kwance garmar da kansa. Ya zare igiyar karkiyar ya sauke ta ƙasa, ya shafa wuyan na kusa da shi inda itacen ya goge gashin.

“Baba, me za ka yi?”

“Sun sha aiki bana,” in ji shi. “Sake su su ci.”

“Da geron?”

“Da geron.”

Suka shiga. Muka tsaya mu uku a bakin gonar muna jin ƙarar tugar da suke yi.