Abdun da Ya Faɗi Tsakanin Shafi Biyu

Ko na bar aikin nan ba zan manta da safiyar da Baba Abdu, wani makiyayi daga Rumbu, ya tsaya a ƙofar bironmu, wato ofishinmu na Dakoro, yana huci ba. Lokacin rigakafin shanu ne, ni ce mai kula da rajistar makiyaya a ƙungiyarmu. Likitan dabbobi ya ƙi taɓa garkensa don babu sunansa a takarda, ga shi jibi zai yi kudu da shanun, kuma ba a wucewa sai da katin allura.

"Ɗiyata, da hannunki kika rubuta ni. Mi ya cinye sunana?"

Shef Isufu, mai gidana a aiki, bai ko ɗago kai ba. "Baba, na'ura ba ta mantuwa. Ba ka zo rajista ba."

Abin ya yi mini ciwo, domin na tuna fuskar tsohon. Na bincika, sai ga shi a rajista.

Ga yadda muke fitar da takardun. Sunayen suna jere cikin tebur, wato jadawali a kwamfuta, layi-layi. Sai in umarci na'ura ta jera su bisa suna, ta ba ni hamsin, shafi ɗaya ke nan. A shafi na biyu akwai umarnin da ake kira OFFSET: tsallake hamsin na farko, kawo na gaba.

Na shimfiɗa shafukan a tabarma ina bi da yatsa. Wani Abdu na garin Mai Yara ya fito sau biyu, ƙarshen shafi na ɗaya da farkon na biyu. Nan na gano laifina. Abdu a ƙasarmu ba su ƙirguwa, ni kuwa ban gaya wa na'ura wanda zai riga wani a cikinsu ba. Duk shafin da na nema sai ta sake musu jeri, ta tsallake wanda ta ga dama.

Na ƙara mata sharaɗi: bayan suna, bi lambar rajista. Na sake bugawa, Baba Abdu ya fito, da wasu mutum biyu da suka faɗi tsakanin wasu shafukan, ba su ma san sun ɓace ba. Na ajiye takardar gaban Shef ina murmushi har kunne.

"To, Madam ta ci mu," in ji shi. Da kansa ya kai wa likita a babur, kafin azahar an gama da garken.

Tun ranar, in mutum ya ce an rubuta shi na'ura ta ce a'a, umarnina nake fara tuhuma. Makiyayi ba ya baro shanunsa a rana don ya zo ya yi mini ƙarya.